Sarki Richard, Yara Biyu da Hukuncin Masu Karatu

A shekarar 1990 ƙungiyar marubuta labaran binciken laifi ta Birtaniya ta fitar da jerin littattafai 100 da take ganin sun fi kowanne a wannan fanni. Mutum zai iya zaton Agatha Christie ce za ta zo ta ɗaya, ko kuwa labaran Sherlock Holmes. Sai ga wani ɗan ƙaramin littafi na 1951 mai suna The Daughter of Time a saman jerin. Shekara biyar bayan haka takwararta ta Amurka ta yi nata jerin, ta sa shi na huɗu. Sunan littafin ya samo asali ne daga wani tsohon karin magana na Turawa da ke cewa gaskiya 'yar lokaci ce, wato komai daɗewa za ta fito.

Wanda ya saba da irin waɗannan labarai zai yi mamakin wannan zaɓi. Ba a harba bindiga a cikinsa ba, ba a bi ɓarawo da mota ba. Ɗan sandan da ke binciken yana kwance a gadon asibiti kusan tun daga shafin farko har na ƙarshe, laifin da yake bincike kuma ya faru tun 1483. Duk da haka, da wuya a sami wani ƙagaggen labari da ya raba kan masu karatu a kan wata magana ta tarihi kamar wannan. Rabuwar kan ba ta tsaya a baki ba, domin tana cikin abubuwan da suka kai ga tono ƙasusuwan wani sarki daga ƙarƙashin wurin ajiye motoci.

Bari mu fara da abin da kowa ya yarda ya faru. Sarki Edward na Huɗu na Ingila ya mutu a watan Afrilu na 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu: Edward mai shekara 12, wanda ya gaje shi, da ƙanensa Richard mai shekara 9. Baffansu, Richard na Gloucester, shi ya zama mai riƙon ƙasa kafin yaron ya girma. Cikin 'yan makonni al'amura suka juye. Baffan ya kama dangin uwar yaran, aka kashe kawunsu Anthony Woodville. A ranar 13 ga Yuni aka sare kan Lord Hastings, aminin marigayi sarki, ba tare da shari'a ba. Sai aka fito da maganar cewa tun kafin Edward na Huɗu ya auri uwar yaran ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata mace mai suna Eleanor Butler, abin da a dokar coci ta lokacin ya ɓata aurensa na biyu, ya kuma hana 'ya'yansa gado. A ranar 6 ga Yuli aka naɗa baffan ya zama Sarki Richard na Uku. Yaran biyu suna zaune a Hasumiyar Landan, wadda a lokacin fada ce kuma kurkuku. Kafin shekarar ta ƙare an daina ganinsu. Shi kuma Richard shekara biyu kacal ya yi a kan gado. An kashe shi a yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta, 1485, yana da shekara 32, Henry Tudor ya hau mulki da sunan Henry na Bakwai.

Daga nan ne labari ya rabu da tabbas. Thomas More, wanda ya rubuta tarihin Richard wajen 1513, ya ce sarkin ne ya sa wani bafade mai suna James Tyrell ya shirya kisan, aka danne yaran da matashin kai suna barci, aka binne su a gindin wata matakala. Shakespeare ya ɗauki wannan hoto ya ƙara masa gishiri a wasansa na wajen 1592, ya fito da Richard mai ƙusumbi, mai shanyayyen hannu, mai kisa yana dariya. Wannan Richard ɗin ne 'yan makaranta suka yi ta haddacewa shekaru aru-aru.

Josephine Tey sunan alƙalami ne. Sunanta na yanka Elizabeth MacKintosh, 'yar garin Inverness ta Scotland, an haife ta a 1896, ta rasu a 1952, shekara guda bayan fitowar littafin. Jaruminta, Sufeto Alan Grant, ɗan sandan ciki ne da ya karye a ƙafa, zaman asibiti ya ishe shi. Wata ƙawarsa 'yar wasan kwaikwayo ta kawo masa hotunan fuskokin mutanen da, don ta san yana alfahari da iya karanta fuska. Ya tsaya a kan hoton wani mutum da ya ɗauka alƙali ne mai damuwa da amana, sai ya juya bayan hoton ya ga ashe Richard na Uku ne. Da taimakon wani matashi Ba'amurke mai zuwa ɗakin karatu yana kwaso masa takardu, Grant ya shiga binciken kamar yadda zai binciki kisan da aka yi jiya: wa ya faɗa, a ina ya ji, yaushe ya faɗa, wa ya amfana.

Tambayoyin nan su ne ƙarfin littafin. Grant ya gano cewa More, wanda ake ɗauka kamar ganau, shekararsa biyar lokacin da abin ya faru, kuma ya yi ƙuruciyarsa a gidan John Morton, ɗaya daga cikin manyan maƙiyan Richard. Ya lura cewa uwar yaran ta fito daga mafakarta a Westminster a 1484 ta miƙa 'ya'yanta mata ga fadar mutumin da ake cewa ya kashe mata 'ya'ya maza. Ya lura cewa Richard ya bar wani ɗan ɗan'uwansa, Edward na Warwick, da rai, Henry ne ya kashe shi a 1499. Sannan ya kawo hujjar da ta fi kama hankali. Dokar majalisa ta 1484 ta riga ta cire yaran daga gado, don haka a takarda ba su da wata barazana ga Richard. Henry kuwa, da yake yana son ya auri yayarsu Elizabeth ya ƙarfafa mulkinsa, ya soke dokar, ya ba da umarnin a lalata duk kwafinta. Soke dokar ya maido wa yaran haƙƙinsu, wanda ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ke nan, in ji Grant, Henry ne yake buƙatar mutuwarsu.

Masu karatu sun kasu kashi uku a kan wannan hukunci, kuma har gobe haka suke. Kashi na farko su ne waɗanda littafin ya juya musu tunani ɗungurungum. Sun rufe shi suna jin an yaudare su tun suna aji, sun kuma ɗauki wanke sunan Richard tamkar bashi a wuyansu. Tun 1924 wani likitan tiyata na Liverpool, Saxon Barton, ya kafa wata 'yar ƙungiya don wannan manufa, amma ta yi sanyi. A shekarun 1950 ta farfaɗo, bayan littafin Tey da fim ɗin Laurence Olivier na 1955 da tarihin rayuwar Richard da Paul Murray Kendall ya fitar a wannan shekarar, a 1959 kuma ta koma Ƙungiyar Richard na Uku, mai rassa har a Amurka da Ostareliya. A 1984 wata tashar talabijin ta Birtaniya ta shirya zaman kotu na gwaji, da alƙali da lauyoyi da masana tarihi a matsayin shaidu, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba a tabbatar da laifin Richard ba.

Kashi na biyu, waɗanda malaman tarihi suka fi yawa a ciki, suna ganin Tey ta yi abin da take zargin More da shi, wato ta zaɓi shaidun da suka yi mata daɗi. Babbar hujjarsu ita ce Dominic Mancini, wani malami ɗan Italiya da ke Landan a 1483, wanda ya rubuta rahotonsa kafin shekarar ta ƙare, tun Henry yana gudun hijira. Mancini ya ba da labarin yadda aka janye masu yi wa yaran hidima, aka mayar da su can cikin hasumiya, ganinsu ta taga ya riƙa raguwa har ya yanke, kuma tun kafin ya bar Ingila mutane na raɗe-raɗin an kashe babban. An gano rubutun nasa a Lille ta Faransa a 1934, aka buga shi a 1936, shekara 15 kafin littafin Tey, amma Sufeto Grant bai waiwaye shi ba. Akwai kuma tawayen Oktoba na 1483, wanda tsofaffin bayin Edward na Huɗu suka shiga, da rantsuwar da Henry ya yi a Rennes ranar Kirsimeti ta wannan shekara cewa zai auri yayar yaran. Mutanen da suka bauta wa uban ba za su koma bayan wani baƙo ba in da sun yi imani 'ya'yansa maza na raye. Richard kuma yana da hanya mafi sauƙi ta kashe jita-jitar, ya fito da yaran kowa ya gani, bai yi ba. Game da cewa doka ta cire barazanarsu, masu wannan ra'ayi suna tuna mana cewa abin da majalisa ta ƙulla majalisa na iya kwancewa, kuma sarakunan Ingila da aka tuɓe kafin wannan, Edward na Biyu da Richard na Biyu da Henry na Shida, duk a tsare suka mutu.

Har hoton da aka gina labarin a kansa bai tsira ba. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskar da Grant ya tambaya kwafi ce da aka zana wajen shekara ɗari bayan mutuwar mai ita, daga wani hoton asali da ya ɓace. Abin da ya karanta a cikinta hannun mai zane ne.

Kashi na uku ba su damu da wanda ya yi kisan ba. Abin da suka ɗauka daga littafin shi ne ɗabi'ar tambayar asalin labari. Tey ta ba irin labarin da kowa ya yarda da shi alhali bai faru ba suna Tonypandy, sunan wani garin masu haƙar kwal a Wales inda aka daɗe ana cewa sojojin da Winston Churchill ya tura a 1910 sun buɗe wa ma'aikata wuta. Gaskiya ne sojoji ba su yi harbi a Tonypandy ba. Sai dai an tura su, mutum guda ya mutu da raunin da ya samu a ka a arangama da 'yan sanda, a shekara ta gaba kuma sojoji sun harbe mutum biyu a Llanelli, duk a Wales. Misalin da ta kawo don koyar da taka-tsantsan shi ma yana bukatar taka-tsantsan. Marubuta kuwa sun ɗauki salon: a 1989 Colin Dexter ya kwantar da nasa ɗan sandan, Morse, a asibiti ya ba shi wani kisa na ƙarni na 19 ya warware.

Duk wannan muhawara a kan takardu ake yin ta. Ƙasusuwa sun shigo ciki sau biyu. Na farko a 1674, lokacin da leburori masu rushe wata matakala a Hasumiyar Landan suka ci karo da ƙasusuwan yara biyu. Sarki Charles na Biyu ya sa aka zuba su a wani tulun marmara aka ajiye a majami'ar Westminster a 1678. A 1933 aka buɗe tulun, mai kula da takardun majami'ar Lawrence Tanner da masanin sassan jiki William Wright suka duba, suka ce shekarun yaran sun dace da na 'ya'yan sarkin a 1483. Sai dai sun shiga aikin ne da zaton sun san ko ƙasusuwan wa ke gabansu. Ba su tantance ko maza ne ko mata ba, a lokacin babu gwajin da ke nuna daɗewar ƙashi, kuma an tarar da ƙasusuwan dabbobi a gauraye. Tun daga nan ba a sake yarda an buɗe tulun ba.

Na biyu shi ne na Leicester, garin da masu kallon ƙwallo suka sani. Tarihi ya nuna cewa bayan Bosworth an ɗoro gawar Richard tsirara a kan doki aka kai ta can, aka binne ta a gidan ibadar wasu sufayen Kirista da ake kira Greyfriars. An rushe gidan a zamanin Henry na Takwas, wurin ya ɓace, har aka riƙa cewa an tono gawar an jefa a kogi. Philippa Langley, 'yar Ƙungiyar Richard na Uku wadda littafin Kendall ya ja hankalinta, ta yi shekaru tana neman a haƙa wani wurin ajiye motocin ma'aikatan ƙaramar hukuma. Masanin tarihi John Ashdown-Hill ya riga ya bi salsalar 'yar'uwar Richard, Anne ta York, ta ɓangaren mata zalla, har ya iske zuriyarta a Kanada. Da kuɗin aikin suka gaza, 'yan ƙungiyar daga ƙasashe daban-daban suka yi karo-karo suka cike giɓin. Masu haƙar kayan tarihi na Jami'ar Leicester, ƙarƙashin Richard Buckley, suka fara aiki ranar 25 ga Agusta, 2012, kuma a ranar farko suka ci karo da ƙasusuwan ƙafa.

Abin da aka fitar ƙwarangwal ne na namiji mai shekara talatin da 'yan kai, an cusa shi a kabarin da ya yi masa kaɗan, babu alamar akwati. Gwajin daɗewar ƙashi ya sa mutuwarsa tsakanin 1455 da 1540. Jo Appleby da abokan aikinta sun ƙirga raunuka 11, tara daga ciki a ka, abin da ke nuna ya rasa kwalkwalinsa kafin a gama da shi. Biyu da ke ƙasan ƙoƙon kai kowanne ya isa kisa. Wani rauni da ya ratsa ƙashin ƙugu ta baya ana jin bayan ya mutu aka yi masa, don wulaƙanci. Turi King ta gwada nau'in ƙwayar halitta da uwa ke ba 'ya'yanta, wanda 'ya'ya mata kaɗai ke miƙa shi gaba, ta tarar ya dace da na mutum biyu daga zuriyar Anne. A ranar 4 ga Fabrairu, 2013 jami'ar ta sanar cewa Richard ne, a ƙarshen 2014 kuma, bayan haɗa dukan hujjoji, aka sa tabbacin a kashi 99.999 cikin ɗari. An sake binne shi a babbar majami'ar Leicester ranar 26 ga Maris, 2015.

Ƙasusuwan ba su ba kowane ɓangare duk abin da yake so ba. Da yawa daga masoyan Richard sun daɗe suna cewa maganar naƙasarsa ƙarya ce tsagwaronta ta 'yan koren gidan Tudor. Sai ga ƙashin bayansa a karkace sosai zuwa gefe, lalurar da ta same shi bayan ya wuce shekara goma, wadda za ta sa kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu tsawo. Haka John Rous ya siffanta shi, marubucin da ya yabe shi yana raye ya kuma zage shi bayan ya mutu. Amma babu ƙusumbi irin na Shakespeare, hannayensa biyu lafiya lau, kuma da tufafi masu kyau da sulke ba lalle mai kallo ya lura ba. Maƙiyansa sun tarar da gaskiya ƙarama suka hura ta. Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara ta fuska biyu: shaidar maƙiyi tana iya zama ƙari, amma kasancewarta daga bakin maƙiyi bai isa ya sa a yar da ita ba. Gwajin ya kuma tono wani sirrin da ba a nema ba, domin ƙwayar halittar da ke bin layin maza ba ta dace da ta zuriyar dangin da ake da su a yau ba, alamar cewa a wani wuri cikin ƙarnonin nan akwai ɗan da ba na mai sunan uba ba ne.

A kan yaran biyu kuwa, ƙwarangwal ɗin bai ce komai ba, kuma ba zai iya ba. Muhawara ta koma inda ta fito, wato takardu. A 2023 Langley ta fitar da littafi tana kafa hujja da wasu takardu daga ma'ajiyar ƙasashen Turai cewa yaran sun rayu, kuma su ne mutanen nan biyu da suka tayar wa Henry da hankali, wanda aka naɗa a Dublin a 1487 da kuma wanda aka sani da Perkin Warbeck, aka rataye shi a 1499. Masana da dama sun amsa cewa takardun sun nuna abin da masu goyon bayan waɗannan mutane suka faɗa ne, ba su tabbatar da ko su wane ne ba. A ɗaya ɓangaren, Farfesa Tim Thornton ya nuna cewa 'ya'yan Miles Forest, ɗaya daga cikin mutanen da More ya ce su suka danne yaran, suna aiki a fadar Henry na Takwas tare da More ɗin kansa. Ke nan mai yiwuwa labarinsa yana da tushen da ya wuce gidan Morton.

Mu a namu karatun, nauyin hujja ya fi karkata ga Richard. Yaran a hannunsa suke, a ƙarƙashin tsaronsa suka ɓace, ya nuna a Yunin 1483 cewa yana iya kisa ba shari'a in mulki ya buƙata, kuma ya yi shiru lokacin da magana ɗaya za ta wanke shi. Amma karkata ba tabbas ba ce, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari: Henry bai taɓa gudanar da bincike a bainar jama'a ba, bai fito da gawa ba, dokar da ta la'anci Richard ma ta tsaya ne a ambaton zubar da jinin yara ba tare da kama suna ba. Richard ɗin da majalisarsa ta 1484 ta faɗaɗa ba da beli ga waɗanda ake tuhuma, wanda hukumar birnin York ta rubuta alhinin mutuwarsa a littafinta, shi ne dai wanda ya tuɓe ɗan ɗan'uwansa. Mutum guda yana iya ɗaukar duka biyun.

Don haka muna ganin littafin Tey ya cancanci karatu, da sharaɗin mai karatu ya yi masa tambayoyin da shi littafin ya koya masa. Wa ya faɗa, me ya bari bai faɗa ba, me yake so mu ji? Ƙagaggen labari yana da damar da tarihi ba shi da ita: marubuciya ce ke zaɓen takardar da za a kawo wa ɗan sanda a gadonsa, ita ce kuma ke hana lauyan ɗaya ɓangaren shiga ɗakin. Daɗin karatun yana sa mu ji kamar mu muka gano gaskiya da kanmu, alhali an riƙe hannunmu ne tun daga farko. Wannan bai rage mata daraja ba. Ta sa dubban mutanen da ba su taɓa taka ɗakin ajiye takardun tarihi ba sun damu da wata shari'a ta ƙarni na 15, jikokin wannan damuwa kuma su suka tara kuɗin da aka haƙa ramin Leicester.

Tulun Westminster yana nan a rufe. Yanzu da aka san ƙwayar halittar Richard, gwaji zai iya nuna ko yaran da ke ciki danginsa ne, ko maza ne, da kuma kimanin shekarunsu. In babban ya mutu yana da 12 ko 13, zamanin Richard ke nan, in kuwa ya kai 15, magana ta koma kan Henry. Ko da an yi haka, ƙashi ba zai faɗi sunan wanda ya ba da umarni ba. Izinin buɗewa yana hannun majami'ar da fadar Ingila, kuma har yanzu ba su bayar ba.